KUMANO: ƘASAR DUWATSU DA RUWA INDA JAPANAWA KE ZUWA NEMAN SABON ƘARFI

A kudu da birnin Osaka na ƙasar Japan akwai wani ƙaton zirin ƙasa da ya kutsa kai cikin tekun Fasifik, ana ce da shi Kii. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, tudu na bin tudu har iyakar ganin mutum. Ƙauyukanta kuwa ƙanana ne, sun maƙale a gindin duwatsu ko a bakin koguna, duk inda dai aka sami ɗan filin da zai ɗauki gida da fadamar shinkafa. Ruwan sama a nan sai wanda ya gani. A garin Owase da ke gaɓar gabas, abin da ke sauka a shekara guda yakan kai milimita 4,000, watau mita huɗu cur. Saboda wuyar wurin, sai cikin shekarar 1959 aka gama haɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta zagaye gaɓar, alhali kuwa tun 1872 jirgi ke kai da kawowa tsakanin Tokiyo da Yokohama.

Kudancin wannan zirin shi ake kira Kumano, kuma yau fiye da shekara dubu ke nan Japanawa suna ɗaukar sanda suna nufarsa domin ziyarar ibada. Manyan wuraren da suke nufa uku ne. Akwai Hongu a can tsakiyar duwatsu, akwai Hayatama a garin Shingu inda kogin Kumano ya faɗa teku, sa'an nan akwai Nachi a gefen wata magangarar ruwa mai tsawon gaske. Cikin shekarar 2004 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya waɗannan wurare, da tsofaffin hanyoyin ƙafa da suka haɗa su, da kuma duwatsun Koya da Yoshino da ke arewa da su, cikin jerin kayan tarihin da duniya duka ta gada.

Masu zuwa a yau iri-iri ne. Akwai ma'aikacin ofis da aikin Tokiyo ya tatse shi, akwai 'yan mata masu neman sa'ar aure, akwai tsofaffin da suka aje aiki, ga kuma Turawa da jakunkuna a baya. Da yawansu idan aka tambaye su abin da ya kawo su, kalma ɗaya za su faɗa, pawa-supotto. Kalma ce da Japanawa suka ƙera daga Ingilishi, ma'anarta wurin da ake jin yana da wani ƙarfi a ɓoye wanda ke shiga jikin wanda ya tsaya a cikinsa. Yayinta ya kankama ne a ƙarshen shekarar 2009, lokacin da aka faɗa a talabijin cewa wata rijiya da ke lambun wurin ibada na Meiji a Tokiyo tana kawo sa'a ga wanda ya ɗora hotonta a fuskar wayarsa. Kafin a ce kwabo mutane sun yi layi na sa'o'i domin ɗaukar hoton rijiya. Daga nan mujallu da kamfanonin yawon shaƙatawa suka shiga jera sunayen wurare masu ƙarfi, Kumano kuwa ba ta taɓa faɗowa daga sahun gaba ba.

Wasu malaman addinin Shinto ba su ji daɗin wannan yayi ba, don a ganinsu ya mai da wurin ibada kamar gidan mai, a tsaya a cika tanki a wuce. Suna da hujja. Mutanen da kuwa, ko da yake su ma neman sabon ƙarfi ya kai su Kumano, ba su taɓa tsammanin za a same shi da tsayuwar minti goma ba.

ABIN DA AKE GIRMAMAWA

Kafin mai karatu ya fahimci wannan ziyara sai ya san abin da Japanawa ke kira kami. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce iskoki, amma ba ta cika ma'anar ba, domin kami na iya zama dutse, ko kogi, ko itace, ko wani kakan kakanni da ya shuɗe. Bisa ga imaninsu, duk abin da girmansa ko kwarjininsa ya sa mutum ya tsaya cik, to, akwai kami a tare da shi. Saboda haka tun kafin a kafa gini ko ɗaya a Kumano ana girmama wuraren nan. A Nachi ruwan ne kansa abin girmamawa, a Shingu wani ƙaton dutse ne, a Hongu kuwa mahaɗar koguna ce.

Da addinin Buddha ya iso Japan cikin ƙarni na 6, bai kori waɗannan ba, sai ya zauna tare da su. Malamai suka ce kowane kami na Kumano wata siffa ce ta ɗaya daga cikin manyan abin bautar addinin Buddha, ƙasar kanta kuma aka ɗauke ta a matsayin mashigin lahira. Wannan shi ya sa mai ziyara kan sa fararen kaya, irin waɗanda ake sa wa mamaci. Yakan bar cin nama da kifi tun kafin ya tashi, yana tafe yana wanka da ruwan sanyi a koguna, da nufin cewa ya mutu a kan hanya, idan ya komo gida kuma sabon mutum ne. Har yanzu sama kaɗan da Takijiri, inda hanya ta fara hawan dutse, akwai wani matsattsen kogo da masu ziyara ke rarrafawa su shiga ta nan su fita ta can. Sunansa da Japananci yana nufin ratsa mahaifa.

SARAKUNA MASU MURABUS

Waɗanda suka ɗaukaka sunan Kumano su ne sarakunan Japan masu murabus. A zamanin nan al'ada ce Sarki ya sauka ya naɗa ɗansa ƙarami, shi kuwa ya ci gaba da juya ƙasa daga bayan fage, ga shi kuma ya kuɓuta daga ƙa'idodin fada da ke hana Sarki mai ci yin doguwar tafiya. Sarki Uda ne ya fara zuwa a shekarar 907. Shirakawa ya je sau 9, farawa daga 1090. Go-Shirakawa ya je fiye da sau 30, jikansa Go-Toba kuma sau 28. Daga Kiyoto zuwa Kumano da komowa tafiyar wajen kilomita 600 ce, takan ci mako uku zuwa wata guda, ana tafe da ɗaruruwan fadawa da barori, talakawan kan hanya kuwa su ne da ciyarwa da ɗaukar kaya.

Ba kowane bafade ne ya yi murna da wannan alfarma ba. Fujiwara no Teika, wanda yana cikin manyan mawaƙan Japan, ya raka Go-Toba a shekarar 1201, ya kuma bar littafin abin da ya gani kullum. Abin da ya cika littafin shi ne ciwo, da gajiya, da munin masauki, da sammakon da ake tilasta masa don ya riga ayari isa ya shirya wurin sauka, da kuma ruwan da ya yi masa jagab a kan duwatsun da ke tsakanin Nachi da Hongu. Masu tarihi suna gode masa, don ƙorafin nasa ne ya adana musu sunayen zango-zango na hanyar.

Bayan sarakuna sai mayaƙa, bayan mayaƙa sai talakawa. Wajen ƙarni na 15 jama'a ta yi yawa a kan hanyar har aka riƙa kwatanta ta da jerin tururuwa. Dalilin wannan farin jini shi ne Kumano ba ta korar kowa. A lokacin da yawancin duwatsun ibada na Japan suka haramta wa mata hawa, ita ta karɓe su, ta karɓi kutare da makafi da guragu. Ana ba da labarin wata mawaƙiya, Izumi Shikibu, wadda al'adarta ta mata ta zo mata tana dab da isa Hongu, ta tsaya tana baƙin ciki don tana ganin ba ta da tsarkin shiga, sai aka ce mata cikin mafarki ta ƙarasa, babu laifi. Waɗansu mata masu zuhudu na Kumano ne suka yi ta yawo gari-gari da irin wannan labari, suna baje zane-zanen aljanna da wuta a kasuwanni suna bayani, suna karɓar sadaka. Sakamakon aikinsu da na abokan aikinsu maza, yau akwai wuraren ibada fiye da 3,000 a faɗin Japan masu ɗauke da sunan Kumano. Abin lura, can arewa a cikin wannan jerin duwatsu, ƙololuwar Sanjo ta dutsen Omine har yanzu a rufe take ga mata.

Tsarabar da mai ziyara kan komo da ita wata takarda ce da aka buga wa rubutu da siffar hankaki. Alamar Kumano ke nan, hankaka mai ƙafa uku, wanda tatsuniyarsu ta ce shi ya yi wa Jimmu, Sarkin farko, jagora ta cikin waɗannan duwatsu. A bayan takardar nan mayaƙa da 'yan kasuwa kan rubuta alkawari, kuma an yi imani cewa duk wanda ya saɓa, hankaki za su mutu a Kumano, alhakinsu kuwa ba zai bar shi ba. Mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya riga ya san wannan tsuntsu ko da bai san sunansa ba, domin shi ne a ƙirjin rigar 'yan wasan Japan.

A KAN HANYA

Hanyar da sarakuna suka bi ana kiranta Nakahechi, ita ce kuma mafi yawan baƙi ke bi a yau. Daga Osaka jirgin ƙasa zai kai mutum garin Tanabe cikin sa'a biyu da 'yan kai, daga nan mota ta sauke shi a Takijiri. Daga Takijiri zuwa Hongu kilomita 38 ne, tafiyar kwana biyu ga mai ƙwari. Ana kwana a ƙauyuka irin su Takahara da Chikatsuyu, a gidajen mutane da suka ware ɗaki biyu ko uku domin baƙi, da safe uwar gida ta ƙunsa wa baƙo curin shinkafa naɗe da ganyen da aka jiƙa da gishiri, guzurin masu saran itace na da. Jefi-jefi a gefen hanya akwai ƙananan wuraren ibada da ake kira oji, wani ɗaki ne sosai, wani kuwa dutse ne kawai da gansakuka ta rufe.

Baƙo yakan ɗauka cewa kurmin da yake ratsawa tun fil azal yake. Ba haka ba ne. Yawancin dogayen itatuwan nan miƙaƙƙu, waɗanda ake kira sugi da hinoki, dasa su aka yi bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Japan ke neman katakon sake gina biranenta. Da aka buɗe ƙofa ga katakon waje a 1964, sa'an nan farashin na gida ya karye bayan 1980, sai sana'ar ta mutu, matasa suka watse birane, aka bar itatuwa a cunkushe ba mai rage su. Shirun da baƙo ke ji yana cewa na tsarki ne, wani sashinsa shirun gonar da aka yi wa ƙaura ne. Wanda ya sa ido zai ga ganuwar duwatsu ta tsofaffin fadamun shinkafa da kangayen gidajen shayi a ƙarƙashin itatuwan.

Tsofaffin itatuwa na ainihi suna nan, amma ƙalilan ne, kuma kusan kowannensu yana da wanda ya tsaya masa. A Tsugizakura, tafiyar sa'a guda da wani abu daga Chikatsuyu, akwai wasu manyan sugi da aka ƙiyasta shekarunsu sun kai 800, rassansu duka sun miƙa kudu, wajen Nachi. Da ba don wani mutum ɗaya mai taurin kai ba, da tuni sun zama katako.

Ga yadda abin ya faru. Da gwamnatin Meiji ta hau a 1868, sai ta ba da umarni a raba Shinto da addinin Buddha, ta mai da Shinto abin hukuma. A 1872 ta haramta ɗarikar masu zuhudun duwatsu, waɗanda su ne jagororin masu ziyara. Wannan ya kashe kasuwar hanyar. Sa'an nan a 1906 aka fito da dokar haɗe wuraren ibada, cewa kowace gunduma ta wadatu da guda ɗaya wanda hukuma za ta iya kula da shi. Cikin 'yan shekaru wajen 70,000 suka ɓace a ƙasar, kuma babu inda aka tsananta kamar jihohin Mie da Wakayama, watau ƙasar Kumano kanta. Da zarar an ɗauke kami daga wuri, kurmin da ke kewaye da shi ya zama na sayarwa, 'yan katako kuwa suna tsaye da gatari.

Mutumin da ya ƙi yarda shi ne Minakata Kumagusu, wanda aka haifa a Wakayama a 1867. Masanin tsirrai ne da bai tsaya ya karɓi digiri a ko'ina ba. Ya yi yawo a Amurka, ya shekara takwas a Landan yana karatu a gidan tarihi na Biritaniya yana aika rubutu ga mujallar Nature, daga baya ya komo ya zauna a Tanabe yana tattara wasu ƙananan halittu masu kama da funfuna da ke tsirowa a ruɓaɓɓen itace. Ya yi ta rubutu a jaridu yana aika wasiƙu ga manyan Tokiyo, yana cewa kurmin wurin ibada shi ne kaɗai ragowar dajin asali, idan aka sare shi tsuntsaye za su gudu, ƙwari su cinye amfanin gona, maɓuɓɓugai su ƙafe, ƙauye kuma ya rasa dandalin da ke tara shi. A watan Agusta na 1910 ya kutsa wani taron jami'an gwamnati a Tanabe, ya sha ya yi tatil, ya wurga musu jakar samfuran tsirrai. Aka tsare shi fiye da mako biyu. Ko a gidan waƙafi bai bar sana'a ba, sai da ya tsinci irin halittun nan nasa a can.

Bai ceci komai da komai ba. A Tsugizakura ma an riga an sare mafi yawa kafin a dakatar da gatari. Amma abin da ya rage ya rage, dokar kuma ta yi sanyi. A 1929 wannan tsohon ɗan gidan waƙafi shi aka gayyata ya yi wa Sarki Hirohito bayani a cikin jirgin ruwan yaƙi a gaɓar Tanabe, ya kuwa miƙa wa Sarki kyautar samfuransa a cikin kwalayen alewa.

HONGU DA AMBALIYAR 1889

Wanda ba shi da kwana biyu yakan shiga mota zuwa Hosshinmon, ya taka kilomita 7 na ƙarshe ta cikin ƙauyuka da gonakin shayi. A tsakiyar wannan tafiya akwai wani tudu, Fushiogami, inda mutanen da kan fara hango Hongu can ƙasa cikin kwari, su zube su yi gaisuwa bayan wahalar makonni.

Abin da suke hangowa ba ya nan yanzu. Asalin Hongu a kan wani tsibirin yashi yake, Oyunohara, a mahaɗar koguna, kuma a zamanin da babu gada, sai mai ziyara ya ratsa ruwa da ƙafa, wannan shi ne wankan tsarkinsa na ƙarshe. A watan Agusta na 1889 ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, duwatsu suka zaftare, kogin Kumano ya cika ya share yawancin gine-ginen. A Totsukawa da ke sama da nan mutum 168 suka mutu, wajen 2,500 kuma suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hokkaido a can arewa mai nisa, suka kafa sabon gari suka sa masa sunan na da. Ɗakuna huɗu da suka tsira a Oyunohara aka kwance su aka hau da su kan tudu a 1891, inda suke har yau, a ƙarshen matakala mai hawa 158. A nan mai ziyara zai wanke hannu da baki, ya jefa kuɗi a akwati, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa.

A tsohon filin kuwa babu komai sai ciyawa da itatuwa da wasu ƙananan akwatunan dutse guda biyu. A shekarar 2000 aka kafa masa ƙofa irin tasu marar ƙyaure, ginshiƙai biyu da gicciye a sama, ta ƙarfe, tsayinta mita 33.9, babu kamarta a Japan, tana tsaye tsakiyar fadamun shinkafa. Abin mamaki, da yawa daga masu neman pawa-supotto sun fi daɗewa a wannan fili da ruwa ya share bisa ga ginin da ke kan tudu.

Kusa da nan akwai Yunomine, ƙauye mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda ake dafa ƙwai a rijiyar da ke tsakiyar gari. A bakin rafi akwai wata 'yar bukka da ramin wanka na dutse wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu, ana shiga bi da bi, kowa rabin sa'a. Masu ciwon fata na zamanin da nan suke nufa.

DUTSE DA RUWA

Daga Hongu mutanen da kan shiga kwalekwale su gangara kogi zuwa Shingu. Hayatama gini ne ja wur mai kyan gani, amma wanda ke son ganin mafarin abin sai ya tafi gefen gari ya hau Kamikura. Matakala ce ta duwatsu marasa sassaƙa, hawa 538, wani wurin sai an haɗa da hannu, a ƙarshenta ga wani jibgegen dutse ɗaure da igiya yana leƙen gari da teku. Ran 6 ga Fabrairu kowace shekara, da dare, maza wajen 2,000 sanye da farare, kowa da damin itace mai ci da wuta, sukan taru a sama, a buɗe musu ƙofa su kwararo ƙasa a guje ta wannan matakala.

Nachi kuwa ana isa gare ta ta Daimonzaka, hanyar dutse mai hawa 267 tsakanin manyan itatuwa. Ruwan yana faɗowa daga tsayin mita 133 a zube ɗaya, babu wanda ya kai shi a Japan ta wannan fuska. A gindinsa akwai ƙofa da wurin ƙona turare, amma babu ɗakin da aka ajiye wani abin bauta, tun da ruwan ne ake fuskanta. A Yulin 2012 'yan sanda sun kama wasu gwanayen hawan dutse su uku suna tsakiyar hawa bangon magangarar. Su a wurinsu dutse ne mai daɗin hawa, ga mutanen Nachi kuwa jikin abin bautarsu aka taka. A sama kaɗan, wurin ibadar Shinto da haikalin Buddha na Seiganto-ji suna nan kafaɗa da kafaɗa, ragowar zaman tare da dokar 1868 ba ta iya rabawa sarai ba.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da takardun talla ba su cika daɗewa a kansa ba. A bakin teku ƙasa da Nachi akwai ƙaramin haikali, Fudarakusan-ji. Daga ƙarni na 9 zuwa na 18, fiye da sau 20, an sa malami a cikin ɗan jirgin ruwa mai ɗaki, da abinci da man fitila na 'yan kwanaki, aka buga ƙusa aka rufe ƙofar daga waje, aka ja shi zuwa tsakiyar teku aka sake shi, wai ya tafi aljannar da ke kudu. Ana ba da labarin wani daga cikinsu a ƙarni na 16 wanda tsoro ya kama shi, ya fasa ɗakin ya tsira zuwa wani tsibiri, aka kama shi aka mai da shi ruwa. An ce tun daga nan sai gawar malami ake sakawa a jirgin. Akwai kwaikwayon irin jirgin a harabar haikalin.

WA ZAI RIƘE HANYAR?

A farkon Satumba na 2011 wata mahaukaciyar guguwar teku ta yi zaune a kan zirin Kii. A wani ƙauye na jihar Nara ruwan da ya sauka cikin kwana uku ya haura milimita 1,600. Mutum kusan 100 suka mutu ko suka ɓace a ƙasar, mafi yawansu a nan. Kwarin Nachi na cikin inda abin ya fi muni, laka ta kutsa har cikin harabar wurin ibada, manyan duwatsu suka cika gindin magangarar, wani sashi na hanyar Nakahechi kuma ya zaftare har sai da aka yi masa kewaye. An gyara, kamar yadda aka gyara bayan 1889. Amma a 1889 ƙauyuka cike suke da majiya ƙarfi.

Yau labarin ya sauya. Jihar Wakayama, wadda mutanenta suka haura miliyan ɗaya a shekarun 1980, ta komo wajen 920,000 a ƙidayar 2020. Binciken gidaje na 2023 ya nuna cewa fiye da gida ɗaya cikin biyar a jihar babu kowa a ciki, kuma tana sahun gaba a ƙasar wajen wannan. A ƙauyukan kan dutse abin ya fi haka. Waɗanda ke share oji, su sauya furanni, su kawar da itacen da ya faɗi a hanya, su dafa wa baƙi abinci, yawancinsu furfura ta riga ta rufe su.

Hukumomin wurin ba su naɗe hannu ba. Bayan an haɗe garuruwa biyar an yi babban birnin Tanabe a 2005, an kafa ofishin kula da baƙi a 2006, wanda ya sa alamun hanya da Ingilishi, ya kuma zama tsani tsakanin baƙon da ba ya jin Japananci da tsohuwar da ba ta jin Ingilishi. Tun 1998 aka ƙulla zumunci da hanyar ziyarar Santiyago ta ƙasar Sifen, daga 2015 kuma ana ba da shaida ta musamman ga wanda ya taka duka biyun. Baƙin waje sun ƙaru ƙwarai, har a lokacin bazara da kaka sai an kama ɗaki tun da watanni. Wasu matasa daga birane sun zo sun karɓi kangaye sun mai da su masauki. Kuɗi ya shigo, amma baƙo na kwana ɗaya ba ya zama ɗan gari, ba kuma shi zai ɗauki gatari ran da itace ya tare hanya ba.

Hanyar kanta ƙasa ce, kuma a wurin da ake irin wannan ruwa kowace damina sai ta tafi da wani abu. Mota ba ta shiga, ka'idar kayan tarihi kuma ba ta yarda a zuba siminti ba. Don haka aka farfaɗo da wani tsohon aikin gayya da suke kira michibushin. Motar kaya takan juye ƙasa a inda titi ya ƙare, 'yan makaranta da ma'aikatan kamfanoni da suka zo daga Osaka da wasu birane su ɗura ta a ƙananan buhuna, su hau da ita a hannu ko a kafaɗa, su zuba a inda ruwa ya cinye, su daɓe da katako, su komo su ɗauki wani.

A Nachi kuma, sau biyu a shekara, ran 9 ga Yuli da ran 27 ga Disamba, masu hidimar wurin sukan sa fararen kaya su bi ta cikin kurmi su hau har bakin magangarar. A nan sukan shiga cikin ruwan, taku kaɗan daga inda yake faɗawa ƙasa, su kwance tsohuwar farar igiyar da ke gicciye a samansa su ɗaura sabuwa.